Fashin baƙi: Idan direban tseren mota ya mutu, hatsari ne ko ganganci, kuma me ake yi bayan makoki?

Mutumin da ya shiga motar da ke gudun kilomita 300 a awa ɗaya, da saninsa da yardarsa, idan ya mutu a ciki, hatsari ne ya same shi ko shi ya kai kansa? Kuma me ya sa abokan aikinsa, suna gama share hawaye, suke komawa cikin irin motar da ta kashe shi, a kan titin da ya mutu, tun ba a kwana biyu ba?

Gardamar da ta hana mu shan shayi cikin natsuwa ke nan a teburin mai shayin bakin tasharmu, nan kan hanyar Ringim zuwa Taura. Wani yaro da ya dawo hutu daga makaranta a Dutse ne ya miƙo wayarsa. A bidiyon, direbobi ne tsaye sun yi da'ira, kawuna a sunkuye, a tsakiya wata mata da wani saurayi, ga hular kwano. Tsohon bidiyo ne na 1 ga Satumba 2019, daga filin tseren Spa a ƙasar Beljiyam, kwana ɗaya bayan mutuwar direban tsere Anthoine Hubert a filin, Bafaranshe ɗan shekara 22. Matar mahaifiyarsa ce, saurayin ɗan'uwansa.

Wani dattijon direba da kowa ke kira Kawu, wanda ya fi shekara talatin yana jigilar Kano zuwa Haɗeja, ya mayar da wayar ya ce, "Kai yaro, wa ya aike shi? Wannan ai ganganci ne." Mai shayi ya ce, "Haba Kawu, kwana ne ya ƙare." Mai faci kuma ya ce kuɗi ne suka yi wa Turawa yawa har suka rasa abin yi da su. Kowa da ɗan abin da ya kama, amma giwar tana gefe ba a taɓa ta ba.

Wace irin mota ake magana a kai?

Tseren mota iri-iri ne. Akwai wanda ake yi da motoci masu rufi da ƙofa, kamannin na gida. Wanda muke magana a kai daban yake: mota ce mai kujera ɗaya tal, tayoyinta huɗu a waje suke tsirara, babu bodin da ya rufe su, direban kuma kusan a kwance yake cikin wani kwami kamar kwalekwale, kansa a waje. Babbar gasarsu ita ce Formula 1, wadda aka fara a 1950 ƙarƙashin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya mai hedikwata a Faris. Ƙasa da ita akwai Formula 2 da Formula 3, inda samari ke koyon hannu. Amurka tana da tata, IndyCar, wadda a wasu wasanninta ake zagaya titi mai siffar ƙwai, katanga na gefe, ƙafa kusan ba ta barin totur.

Motar Formula 1 ba ta wuce kilo 800 da ɗan abin da ba a rasa ba, har da direban. Golf ɗin tasha ta fi ta nauyi tun kafin a yi mata lodi. Gudun kilomita 300 a awa kuwa yana nufin mita 83 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ce "Bismillah" ta kusa cinye tsawon filin ƙwallo. Ga kuma lissafin da direbobinmu ba su cika yarda da shi ba: idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa. Wanda ya daki katanga a 300 ya sha dukan wanda ya dake ta a 100 har sau tara.

Haɗari biyu suna cikin ƙirar motar tun asali. Na farko taya. Idan mota na tafiya, gaban tayarta ƙasa yake juyawa, bayanta kuma sama. To in tayar gaba ta mai bi ta taɓa tayar baya ta wanda ke gabansa, sai ɗaya ta hau ɗaya, motar baya ta tashi sama kamar an harba ta da gwafa. Na biyu kai. Duk abin da ya taso daga titi, ƙarfe ne ko taya, hular kwano kaɗai ce tsakaninsa da ƙwaƙwalwar direba. Kusan duk tarihin tsaro a wannan wasa kokawa ce da waɗannan biyun, sai wuta ta uku.

Lokacin da mutuwa ta zama ruwan dare

A shekarun 1960 da 1970 maganar Kawu ce gaskiya, ganganci ne tsagwaronsa. Tankin mai yana kewaye da direba, gefen titi bishiyoyi ne da gidajen mutane, shingen kuwa dammunan ciyawa. A 1966 Jackie Stewart ɗan Sikotlan ya kauce daga titi a Spa cikin ruwan sama, ya maƙale a mota kusan minti 25 fetur na jiƙa shi. Babu ma'aikacin ceto ko ɗaya a wurin. Direbobi biyu ne suka ari sufana a hannun ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi. Daga ranar ya riƙa manna sufana a cikin motarsa, ya kuma shiga yaƙin neman shinge da likita da bel. Sakayyar da ya samu daga wasu marubuta da masu filaye ita ce a kira shi matsoraci, duk da ya ci kambun duniya sau uku.

Jim Clark ya mutu a Jamus a 1968. Jochen Rindt ya mutu a Monza ta Italiya a 1970, aka ba shi kambun shekarar yana kabari domin babu wanda ya kamo makinsa. A 1973 a Holan motar Roger Williamson ta kife ta kama da wuta, abokinsa David Purley ya tsayar da tasa ya zo yana ƙoƙarin ɗaga ta shi kaɗai, ma'aikatan wurin na tsaye domin ba su da kayan shiga wuta, sauran motoci na ta wucewa, duniya na kallo a talabijin. A nan Afirka ma, a Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1977, wani ma'aikaci ɗan shekara 19 ya tsallaka titi da tukunyar kashe gobara, Tom Pryce ya kwashe shi, tukunyar ta daki Pryce a ka, duka biyun suka mutu nan take.

Gyara ya fara shigowa a hankali. A 1978 aka ɗauko likitan ƙwaƙwalwa, Farfesa Sid Watkins, ya zama likitan gasar, aka kuma fara sa motar likita ta bi bayan masu tsere a zagayen farko. A 1981 kamfanin McLaren ya ƙera kwamin direba da zaren kabon, wanda ya fi ƙarfe juriya bai kai shi nauyi ba. Daga 1982 aka yi shekara 12 ba a rasa direban Formula 1 a ranakun gasa ba. Sai kowa ya saki jiki.

Imola, 1994

Duk wanda ke son gane yadda makoki ke komawa doka a wannan wasa, ya tsaya a kan kwana uku na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayun 1994 a garin Imola na Italiya. Ranar Juma'a Rubens Barrichello ya yi mummunan karo ya sha da ƙyar. Ranar Asabar, 30 ga Afrilu, Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya, sabon shiga, fiffiken gaban motarsa ya karye ya daki katanga ya mutu. Ranar Lahadi, 1 ga Mayu, Ayrton Senna ɗan Birazil, mai kambun duniya uku, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a zamanin, yana kan gaba a tsere motarsa ta ƙi shan kwanar Tamburello ta miƙe ta daki katangar kankare. Tayar gaba ta tsinke da ƙarfen da ke riƙe ta, ta same shi a ka. Shekararsa 34. A cikin motar aka tsinci tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger in ya gama.

Birazil ta yi zaman makoki na kwana uku a hukumance, jama'a suka cika titunan Sawo Paulo. Amma abin da ya fi jan hankalina ba yawan masu kuka ba ne. Kotunan Italiya sun shafe fiye da shekara goma suna bin diddigin abu guda: sandar sitiyarin motar, wadda aka yanke aka yi wa ƙari da walda don ta yi wa Senna daidai, ita ce ta karye kafin karon ko karon ne ya karya ta? Walda fa, irin wadda ake yi wa motocinmu a gindin bishiya kullum, ba mai tambayar ranar da za ta saki.

Bayan Imola direbobi suka farfaɗo da ƙungiyarsu. Aka rushe kwanar Tamburello aka mai da ita mai lanƙwasa biyu da ke tilasta taka birki. Aka ɗaga gefen kwamin direba ya rufe har kusa da kunne. Aka tsananta gwajin karo, ta yadda motar da ba ta ci jarrabawa ba ba ta shiga gasa. A 1999 aka fara ɗaure kowace taya da igiya mai ƙarfi don kada ta tsinke ta yi yawo. A 2003 aka wajabta wani abin wuya da ake kira HANS, mai riƙe hula da kafaɗa, domin a karo mai tsanani jiki na tsayawa a bel, kai kuma ya ci gaba da tafiya har wuya ya tsinke. Sakamakon shi ne shekara 20 cur babu direban Formula 1 da ya mutu a gasa.

A nan sai na ɗan ratse. A cikin shekarun nan ashirin ma'aikatan gefen titi sun mutu, a Italiya a 2000, a Ostareliya a 2001, a Kanada a 2013, biyun farko taya ce ta same su. Akasarin masu wannan aiki sa-kai suke yi. Ba a yi musu makokin ƙasa ba, sunayensu ma sai mai bincike. Ko a can, gawa ma tana da aji.

Kai a waje, da gardamar hancin silifa

Abin da aka kasa taɓawa shi ne buɗaɗɗen saman motar. A 19 ga Yulin 2009 taya ta tsinke daga wata mota a Ingila ta faɗo a kan Henry Surtees, ɗan shekara 18, ya mutu. Kwana shida bayan nan wani ƙarfe da bai kai kilo ɗaya ba ya fita daga wata mota a Hangari ya fasa hular Felipe Massa, ya kwana a hannun likitoci rai a hannun Allah, ya dai tashi. A Oktoban 2011 a Las Vegas motoci 15 suka yi karo a gasar IndyCar, motar Dan Wheldon ta tashi sama irin tashin da na bayyana, kansa ya daki turken shinge. A Agustan 2015 a Pocono ta Amurka, hancin wata mota da ya ɓalle ya sauko a kan Justin Wilson, ya rasu washegari.

Tsakanin waɗannan akwai Jules Bianchi. A 5 ga Oktoban 2014 a Suzuka ta Japan, ana ruwa, wata mota ta zame, aka shigo da katafila ta ɗauke ta, tsere bai tsaya ba, tuta kawai ake kaɗawa. Bianchi ya zame a daidai wurin ya shige ƙarƙashin katafilar. Ya yi wata tara bai farfaɗo ba, ya rasu a 17 ga Yulin 2015 yana da shekara 25. Kwamitin FIA ya ce bai rage gudu yadda ya kamata ba. Iyayensa suka ce me ya kawo katafila bakin titin da ake gudu cikin ruwa? Hukumar ba ta karɓi laifi ba, amma a 2015 ta kawo tsarin da ke tilasta wa kowa rage gudu lokaci guda idan ana aiki a gefen titi. Mai hankali ya gane amsar.

A 2018 aka wajabta abin da ake kira halo: ƙarfen titaniyam mai ƙafa uku da ke zagaye kan direba, nauyinsa bai kai kilo goma ba, amma yana ɗaukar nauyin tan 12 bai lanƙwashe ba. In ka gan shi, hancin silifa sak. Nan fa aka rabu biyu. Masu ƙi suka ce ya ɓata kyan mota, zai tare gani, zai hana direba fita da sauri in wuta ta kama, kuma uwa-uba haɗarin shi ne gishirin wasan, in an cire shi me ya rage? Tsohon zakaran gasar Niki Lauda, wanda shi kansa wuta ta cinye masa fuska da kunne a 1976, yana cikin masu suka. Lewis Hamilton ma da farko ya kushe shi. Masu so suka ce mutane gwaninta suke zuwa kallo, ba jana'iza ba.

Titi ne ya raba gardamar. A 29 ga Nuwamban 2020 a Baharen, motar Romain Grosjean, wanda shi ma da ba ya son abin, ta huda shingen ƙarfe a gudun kilomita 192, ta rabu biyu, ta zama ƙwallon wuta. Halo ne ya buɗa shingen maimakon kansa. Bayan kusan daƙiƙa 28 ya fito da ƙafarsa, ƙuna a bayan hannuwa kawai. A 2021 a Monza tayar motar Max Verstappen ta sauka a saman kan Hamilton, ya fito ya ce abin da ya kushe ne ya cece shi. A 2022 Zhou Guanyu ɗan Sin ya yi ta jan ƙasa a kife a Silverstone, ya tashi lafiya. IndyCar ta sa nata a 2020, har da gilashi.

Ra'ayina a nan ba yabo ba ne zalla. Daga mutuwar Surtees zuwa halo shekara tara ne. An san ciwon, ana ta gwaje-gwaje da jan ƙafa da gardamar kyau da muni, har aka ƙara binne mutane. Suna gyara, gaskiya ne, amma sau da yawa sai gawa ta yi musu magana.

Abin da ƙarfe bai magance ba

Hubert na bidiyonmu yana da halo a motarsa. A saman tudun Raidillon na filin Spa, inda mai hawowa ba ya ganin abin da ke gaba, ya daki shinge, motar ta dawo bakin titi, Juan Manuel Correa ya zo a guje ya soke ta a haƙarƙari. A 1 ga Yulin 2023, a wannan fili dai, Dilano van 't Hoff ɗan Holan mai shekara 18 ya mutu kusan haka, cikin ruwa, feshin tayoyi ya makantar da na bayansa.

Wasu na cewa a sake fasalin wurin gaba ɗaya. Wasu na cewa ba titin ba ne, rashin gani ne, don haka a daina sakin yara su yi tsere in ruwa ya yi yawa. An gwada sa wa tayoyi murfi don rage feshi, bai yi aiki ba, aka ajiye. Ka lura kuma, waɗannan biyun a ƙananan gasa suka mutu, inda samari ke neman a gan su, iyaye sun zuba dukiya, kowa na tsoron a ce ya ɗaga ƙafa.

To me ya sa ba sa fasawa?

Wani lokaci ana fasawa. Ranar Wheldon an soke tseren, direbobi suka yi zagaye biyar a hankali don girmama shi. Bayan Hubert an soke wasan Formula 2 na Lahadi, amma na Formula 1 ya gudana, 'yan kallo suka miƙe da tafi a zagaye na 19, lambar motarsa. Charles Leclerc, abokinsa tun suna yara, shi ya ci ranar, nasararsa ta farko, bai yi murna ba. Shi ne kuma wanda Bianchi ya kasance kamar uba gare shi a harkar. A Imola ma an ci gaba da tsere bayan an ɗauke Senna a jirgi.

Kuɗi na ciki, kada a yaudare ka: kwangilar talabijin, tikitin da aka sayar, masu talla. Amma da na juya na tambayi Kawu, "Ranar da abokin lodinku ya rasu a hanyar Gujungu, yaushe ka koma aiki?" sai ya yi shiru, can ya ce, "An yi jana'iza da azahar, la'asar na yi lodi. Yara za su ci abinci." A kan hanyar da abin ya faru kuwa.

Ina ruwan mai shiga motar kasuwa?

Babu filin Formula 1 a Najeriya, rabon Afirka da gasar tun 1993. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma nahiyarmu ce ta fi kowa yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Mutum ya daki ƙarfe a gudun 192 cikin wuta ya fito da ƙafarsa, namu kuma na mutuwa a rabin wannan gudun. Ba jikinsu ne ya fi namu ƙwari ba.

Maganar mai shayi cewa kwana ya ƙare babu Musulmin da zai musa ta. Sai dai a wurinmu ta zama murfin da ake kifawa a kan tambaya. Su can suna kuka, sannan su kwashe tarkacen motar su auna, su fitar da rahoto, su canja doka. Mu muna zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, a ja motar zuwa gareji a buga mata guduma da fenti, ta dawo layi. Wa ya tambaya ko suɗaɗɗiyar taya ce, ko birki, ko barci? Alhali mun fi su sanin hadisin a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Katafilar da ta kashe Bianchi muna da irinta kowane dare: tirela ta lalace a tsakiyar kwalta, babu fitila, an jera ganye a matsayin gargaɗi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe da wajabta bel, amma direba sai ya hango jami'ai yake yafa shi a ƙirji kamar rawani, yana wucewa ya saki. Da aka matsa kan hular kwano a 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa. Kuma mu mutanen wannan hanya ba ma bukatar a ba mu labarin abin da fetur ke yi. Majiya tana nan kusa, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024, ta ci sama da mutum 150 a dare ɗaya. Ga samarinmu masu wasan mota da babur ranar kai amarya, suna kwaikwayon abin da suka gani a waya, babu shinge, babu likita, yara na tsaye a bakin hanya suna ihu. Sun ɗauki gudun, sun bar duk abin da ke sa mai gudun ya kwana a gida.

Kawu ya sa yaron ya sake nuna masa na Baharen har sau biyu, yana ƙirga daƙiƙun da yatsa. Ya ce, "Ikon Allah. To shi wannan ƙarfen nawa ne?" Kafin a ba shi amsa ɗan kamasho ya ƙwala masa kira, mota ta cika, biyu a gaba huɗu a baya, buhunan riɗi a but an ɗaure murfin da igiya. Ya kurɓe sauran shayinsa ya tashi. Na bi shi da kallo ya sa hannu gefen kujera yana laluben bel, ya jawo, sai guntu ya biyo hannunsa. Mai motar na farko ya yanke shi tuntuni ya ɗaure salansa da shi.